Kafin A Ɗaure Ragon Suna

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan uwa.

Ranar Alhamis da ta wuce ƙanena ya dawo daga kasuwar Maigatari da ɗan rago a bayan babur. Maiɗakinsa tana da juna biyu, wata bakwai, kuma cikin fari ne. Ya ɗaure ragon a gindin darbejiya, ya zuba masa harawa, ya zauna yana lissafin goro da dabino da kuɗin wanzami. Na ce masa, "Madalla. To in Allah ya sauke ta lafiya, wane suna za ka yi wa huɗuba da shi?" Sai ya zaro waya ya nuna mini wani suna, wai ya yi masa daɗi a kunne. Na tambayi ma'anarsa. Ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, ai Larabci ne."

Abin ya tsaya mini a rai. Ba kowace kalmar Larabci ce ta cancanci ɗan Musulmi ba. Ko a cikin Alƙur'ani akwai Fir'auna da Hamana da Ƙaruna. Rago kwana ɗaya ne a yanka a soye a raba wa maƙwabta, suna kuwa da shi za a kira yaro a makarantar allo, da shi za a ɗaura masa aure, da shi za a yi sanarwar jana'izarsa.

Muslim ya ruwaito daga Ibn Umar cewa sunayen da Allah ya fi so su ne Abdullahi da Abdurrahman. Manzon Allah (SAW) kuma yakan canza suna in bai dace ba. Ya mayar da Barra Zainab. Wata 'yar Sayyidina Umar da ake kira Asiya, da harafin sadi, wato mai saɓo, ya mayar da ita Jamila. Kada masu sunan Asiya na wajenmu su tsorata, naku na matar Fir'auna ne, baiwar Allah mumina. Wanda ya fi taɓa ni shi ne labarin da ke cikin Bukhari na kakan Sa'idu ɗan Musayyib. Sunansa Hazn, ma'ana kaushi da tsanani. Annabi ya ce masa, "Kai ne Sahl," wato mai sauƙi. Ya ce ba zai canza sunan da mahaifinsa ya sa masa ba. Sa'idu ya ce tun daga nan kaushin nan bai bar gidansu ba.

Ku zaɓi sunan da yake da labari. In 'yarki Khadija ce, akwai abin da za ki gaya mata da dare a kan tabarma: matar da ta fara ba da gaskiya, ta lulluɓe Annabi ranar da ya sauko daga kogon Hira jikinsa na rawa. In ma sunan Baba ko Inna aka mayar, aka sakaya da Abba ko Ummi saboda alkunya, a riƙa tuna wa yaro sunansa na yanka da wanda ya ci sunansa.

Tarbiyya kuwa ba ta jiran ranar bakwai. Ku duba Suratu Ali Imrana, aya ta 35 da 36. Matar Imrana tun abin yana ciki ta miƙa shi ga Ubangiji. Da ta haihu ta sa mata Maryam, ta nema mata tsari daga Shaiɗan, ita da zuriyarta. Mai ciki, ga aikinki nan tun yau. Maigida, naka shi ne abin da zai shiga bakinta ya zama halal. Kada ka tauye mudu a kasuwa, kada ka ci iyakar gonar maƙwabci sannan ka kawo hatsin gida. Ka ɗauke mata daka da ɗebo ruwa, ka kai ta awo, kada ka ce aikin gona ya yi yawa.

Sannan mu gyara bakinmu kafin baƙon ya iso. Sau nawa muke sa wa yaro Muhammadu, in ya zubar da kunu sai a bi shi da ashar da "Allah ya tsine"? Annabi ya hana mu yi wa 'ya'yanmu muguwar addu'a, kada ta dace da lokacin amsawa. Umarnin salla a shekara 7 ma yana sauƙi ne ga yaron da ya tashi yana ganin babansa da buta da asuba.

Ƙanen nawa jiya bayan Magariba na gan shi gaban liman da sunaye uku a takarda, biyu na maza, ɗaya na mace, yana tambayar tarihin kowanne. Allah ya raba su lafiya, ya raya abin da za a samu bisa sunna, da na duk masu jiran haihuwa. Amin.