Tauraron da ke tsakiyar W, da yaranmu da ba sa ɗaga kai

Jama'a, ra'ayina ne, wanda ya ga dama ya musa: mu ne muka sa yaranmu suka ɗauka ilimin taurari na Turawa ne masu manyan na'urori. A lakkwal ana ba su hadda, su rubuta a jarrabawa, su manta. Alhali a nan Maradi, daga Nuwamba zuwa Janairu, in hazo bai yi yawa ba, kuma aka ɗauke kuran bayan isha'i, duk wanda ya fuskanci arewa zai ga taurari biyar sun yi siffar W, ko M in sun juye. Na tsakiyar shi ne Gamma Kasiyofiya.

Kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka. Zafin fuskar rana bai wuce digiri 5,500 ba, nasa kuwa ya kai wajen 25,000, shi ya sa haskensa ke ɗaukar shuɗi. Nauyinsa ya fi na rana sau goma. Nisansa kimanin shekarun haske 550 ne, wato hasken da ke shiga idonka yau ya taso ne wajen zamanin da Muhammadu Rumfa ke sarautar Kano.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne jujjuyawarsa. Rana kan yi kusan kwana 25 kafin ta juya sau ɗaya, shi kwana ɗaya da 'yan awoyi ya gama. Saboda wannan gudun yake watsar da iskar jikinsa daga tsakiya, kamar yadda tayar kabu-kabu ke fallatsa taɓo da damina, iskar ta taru ta yi masa zobe. In zoben ya yi kauri ko ya ragu, sai haskensa ya canza. A 1937 ya fi duk 'yan uwansa huɗu haske, zuwa 1940 ya dushe sosai. Tun 1866 wani ɗan Italiya, Angelo Secchi, ya lura haskensa ya bambanta da na sauran.

A 1976 aka gano yana fitar da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, fiye da takwarorinsa nesa ba kusa ba. Wannan kam sai tauraron ɗan'adam, don iskar duniya na tare shi. Masana sun daɗe suna jayayya kan abin da ke haddasa wannan hasken: maganaɗisun tauraron ne ke karo da zoben, ko wani ƙaramin tauraro da ke kewaya shi duk kwana 203 ne ke zuƙe iskar?

Amma canjin haskensa ido ya isa. Ka kwatanta shi da na gefensa, ka rubuta kwanan wata a littafi, shi ke nan. Malaman lise da ɗaliban kimiyya na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, me zai hana a fita da yara bayan gari dare ɗaya a wata? Wanda ke da niyya ya yi magana, mu tsayar da rana kafin sanyi ya wuce.