Ba kuɗi ke sa fim ya ba da tsoro ba

Malam mai labarin nan wai finafinan ban tsoro masu ƙaramin jari sun mutu, gaskiya ban yarda ba. Duba fim ɗin The Witch na darakta Robert Eggers da aka fara nunawa a 2015, dala miliyan 4 kacal aka kashe amma ya kawo kusan miliyan 40, kuma ba wani dodon kwamfuta, daji ne kawai da duhu da wani baƙin bunsuru.

Labarin wasu 'yan Puritan ne (wata ɗariƙar Kiristoci masu tsaurin addini) a yankin New England na Amurka wajen shekarun 1630, an kore su daga gari saboda taurin kan maigidan a kan addini suka koma bakin daji, jaririnsu ya ɓace, masara ta lalace, shikenan sai aka fara zargin babbar 'yarsu da maita har uwar da ta haife ta. Wallahi nan ne ya fi tayar min da hankali, don irin haka ta faru da gaske, a garin Salem da ke yankin na New England a 1692 mutum 19 aka rataye kan zargin maita, wani tsoho kuma aka danne shi da duwatsu har ya mutu.

Turancin cikin fim ɗin dai irin na da ne, ka kunna rubutun ƙasan allo in ba haka ba za ka sha wuya.