Koren tsatsa ba ya tabbatar da tsufan sule

Masu sayen tsofaffin sulalla a gwanjon intanet da yawa sun ɗauka da zarar sule ya yi koren tsatsa, to na gaske ne. Ba haka ba ne. 'Yan jabu kan haɗa wannan launi cikin 'yan kwanaki da sinadari ko fenti. Na fenti, auduga da asiton (sinadarin goge fentin farce) ma na goge shi.

Abin dubawa shi ne yadda aka ƙera shi. Yawancin sulallan Girkawa da Rumawa bugawa aka yi da guduma tsakanin hatimi biyu, jabun kuwa galibi zubi ne, wato narkakken ƙarfe aka zuba a mazubi. A nemi hoton gefen sulen: siririn layi da ya zagaye shi, ko alamar an goge layin, mahaɗar mazubi ce. Ƙananan ramukan kumfa da rubutu mai dishi-dishi su ma alamun zubi ne.

Sai nauyi, a sikeli mai auna giram 0.01. Dinarin azurfa na zamanin Agustus, sarkin Rum, kusan giram 3.9 ne, tetradarakma, sulen azurfa na birnin Atina a Girka, kusan 17.2. Takardar shaidar da mai sayarwa ya rubuta da kansa ba hujja ba ce.