Waƙar Shakira: an bar jaki ana dukan taiki

Daren 15 ga Janairun 2023 ina gidan kallon ƙwallon unguwarmu lokacin da Barcelona ta lallasa Real Madrid da ci 3 da 1 a wasan ƙarshe na Supercopa a birnin Riyad. Ni ɗan Madrid ne, ba na ɓoyewa. Muka fito jiki a sanyaye, 'yan Barça na ta buga benci suna yi mana ihu. Sai wani matashi daga ɓangarenmu, irin waɗanda ba sa barin ta kwana, ya ɗaga hannu yana nuna agogonsa na roba, ya ce, "To mun ji, kun ɗau kofi. Amma ku gaya wa tsohon mai tsaron bayanku ya daina musayar Rolex da irin wannan!" Aka bushe da dariya har da su masu murnar. A cikinmu babu wanda ke jin Sifaniyanci, amma kowa ya gane inda aka dosa.

Kwana huɗu ke nan a lokacin da Shakira, mawaƙiyar nan 'yar ƙasar Kolombiya, ta saki waƙar da ta yi wa Gerard Piqué, tsohon mai tsaron bayan Barcelona, wankin babban bargo. Sun haɗu a 2010 wajen ɗaukar bidiyon waƙarta ta gasar cin kofin duniya da aka yi a Afirka ta Kudu, gasar da Sifaniya ta lashe. Sun zauna tare fiye da shekara 10, sun haifi 'ya'ya maza biyu, ba tare da an ɗaura aure ba. A watan Yunin 2022 suka sanar da rabuwa, ba a jima ba hotunansa da wata budurwa mai ƙananan shekaru suka cika jaridun Sifaniya.

Waƙar ma ba ta da suna, lamba gare ta: zama na 53 a jerin waƙoƙin Bizarrap. Shi wannan makaɗi, Gonzalo Julián Conde, ɗan Ajantina ne, shekararsa 24 a lokacin. Salonsa ɗaya ne kullum. Ƙaramin ɗaki, fitila mai shuɗin haske, makirufo guda, shi kuma yana gefe da hula hana-sallah da baƙin tabarau yana danna na'ura. Babu 'yan rawa, babu bakin teku, babu motocin alfarma. Zama na 52, wanda ya yi da wani matashi ɗan Sifaniya mai suna Quevedo, ya hau matsayi na ɗaya a Spotify a duniya a 2022, saboda haka ba ɗan koyo ta je wa ba. Ita da bakinta ta faɗa a shirin Jimmy Fallon a watan Maris na 2023 cewa babban ɗanta ne ya dame ta da ta yi aiki da shi.

Masu ɗaukar waƙar a matsayin aman wuta na dare ɗaya ba su duba takardar marubuta ba. Sunaye huɗu ke kanta: ita, da Bizarrap, da Santiago Alvarado, da Keityn, wani marubucin waƙa ɗan ƙasarsu wanda da shi aka rubuta waƙoƙi biyun da ta fitar a 2022 kan wannan rabuwar. A ta watan Oktoba cikinsu har cewa ta yi laifin ba nasa ba ne, ba nata ba ne, zaman ne ya gundure su, kuma a bidiyon ana ganin ta tana yawo a titi da zuciyarta a hannu, ana tattaka ta. Wata uku bayan nan aka sauya kiɗa. Aka ɗora zafin a kan kiɗan rawa irin na disko, aka auna kowace gaɓa. Fushin na gaske ne, ban musa ba, amma an kai shi wurin tela an ɗinke shi daidai jiki.

Gwanintar da ke ciki kuwa ba a taken da kowa ke rerawa take ba, wato cewa mata sun daina kuka, yanzu kuɗi suke karɓa. Tana cikin ƙananan abubuwan cikin gida. Ta lissafa abin da ya bar mata: maƙwabtaka da uwarsa, 'yan jarida a bakin ƙofa, da bashin hukumar haraji. Duk matar da ta taɓa fita daga gidan miji ta san cewa ciwon ba a kalmar soyayya yake ba, yana cikin irin waɗannan tarkacen, wa zai riƙe yara, wa zai biya me, da wane ido za ki kalli surukar da kuke haɗa katanga. Sai kuma wasa da harshe. Ta ɗauki wata kalmar Sifaniyanci mai nufin fantsama, wadda ƙarshenta ya yi daidai da sunan Piqué, ta ɗan tsaya a tsakiyarta yadda sunan zai fito fili. Haka ta yi wa sunan budurwar, wanda ni ba zan maimaita shi a nan ba.

Kasuwa ta karɓa hannu bibbiyu. A sa'o'i 24 na farko an kalle ta fiye da sau miliyan 63 a YouTube, an saurare ta fiye da sau miliyan 14 a Spotify, ta shiga jadawalin Billboard na Amurka a mataki na 9, alhali babu Turanci a cikinta sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ranar 16 ga Nuwamban 2023, a bikin Latin Grammy da aka yi a Sevilla, aka ba ta kambun waƙar shekara.

Masu suka ba su jira wannan ba. Tun a makon farko aka fara cewa ta yi tonon silili, ta manta cewa uban 'ya'yanta take yi wa, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wannan sukar ba ta shige ni sosai ba. Maza sun shekara aru-aru suna yi wa matan da suka guje su waƙa, a kowane harshe, ban taɓa jin an tare wani an tambaye shi yadda 'ya'yansa za su ji ba. Sannan asirin da ake cewa ta tona, masu ɗaukar hoto sun riga sun baza shi a faifai watanni kafin ta buɗe baki. Wadda aka yi ta yamaɗiɗi da ita a gaban duniya, ba adalci ba ne a ce ita kaɗai za ta yi kawaici. Batun yaran dai yana da nauyinsa, domin za su girma su tarar da abokansu sun haddace waƙar, kuma shawarar yaro cewa a yi aiki da wane makaɗi ba ita ce yardarsa da abin da za a faɗa ba. Na yarda da wannan, na wuce.

Inda na tsaya shi ne wurin agogo da mota. Ta ce ya bar Ferrari ya ɗauki Twingo, wata ƙaramar mota mai araha, ya bar Rolex ya ɗauki Casio, kuma ita ɗaya ta kai 'yan shekara 22 guda biyu. A duba da kyau wa kibiyar ta soka. Shi an ce masa mara wayo ne wajen zaɓe, an ce ya yawaita motsa jiki ya bar ƙwaƙwalwa. Wannan duka ne da zanen auduga. Ita kuwa yarinyar an mai da ita kayan gwanjo, an liƙa mata farashi, an sa duniya ta rera sunanta. Wasu masu sharhi mata a Sifaniya da Latin Amurka sun faɗi haka tun da wuri, suka ce ba a ɗaga darajar mace ta hanyar kwatanta mata da motoci, domin wannan ma'aunin na maza ne. Gaskiyarsu.

Dubi yadda aka raba riba. Kwanaki kaɗan bayan fitar waƙar, Piqué ya bayyana da Casio a hannu yana dariya, sannan ya tuƙo Twingo zuwa filin Kings League, gasar ƙwallon 'yan bakwai-bakwai da ya ƙaddamar a wannan watan bayan ya yi ritaya a Nuwamban 2022. Ya samu talla kyauta. Kamfanonin agogo da na mota sun samu talla kyauta. Mawaƙiya ta samu kambu, makaɗi ya ƙara suna. Mutum ɗaya ce a cikin labarin ba ta da makirufo, ba ta da gasa, ba ta da hajar da za ta tallata, kuma ita ce aka fi jifa. Ba ina wanke ta ba ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma alkawarin zama tare ba da ita aka ƙulla ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ko da yake kalmar kishiya ba ta hau nan daidai ba tunda babu aure. Ina yaro, mijin wata gwaggota ya ƙaro aure. Ranar da aka kawo amarya gwaggo ba ta ce uffan ba, ita ce ma ta raba wa 'yan rakiya abinci. Bayan kwana bakwai sai aka fara jin ta a bakin turmi. Tana daka tana waƙa a hankali, kan wata kaza da ta shigo gida ba ta san inda ake zuba tsaba ba, kan tukunyar da ba ta taɓa ganin wuta ba amma tana yi wa tsohuwar tukunya dariyar baƙi. Taɓarya na sauka daidai kan kowace gaɓa. Mu yara muna dariya ba mu san me ake nufi ba, amarya kuwa na ɗaki ta saki labule. Ba a taɓa kiran suna ba, wanda ya tsargu da shi ake. Sai da na girma na lura da abu ɗaya: a duk waƙoƙin nan babu ɗango guda da ya taɓa maigidan. Shi da ya je ya nemo, ya biya sadaki, ya kawo, yana zaure yana sauraron rediyo. Gwaggo tana da uzuri, domin ranar da ta yi masa waƙa ranar za ta kwana a gidan ubanta. Shakira ba ta da wannan uzurin. Tana da kuɗinta, da sunanta, da lauyoyinta, ta kuma riga ta fita. Idan akwai macen da za ta iya juya taɓaryar gaba ɗaya kan mai laifin da take zargi, ita ce.

Za a ce ai in ba a kira suna ba waƙa ba ta sayuwa. A makon da wannan ta fito, Miley Cyrus ta saki tata waƙar rabuwar, Flowers, ba ta ambaci kowa ba. Abin da kawai ta yi shi ne ta sake ta a ranar zagayowar haihuwar tsohon mijinta, ta bar mutane suka yi lissafi da kansu. Waƙar ta mamaye duniya, ta kuma ci Grammy a Fabrairun 2024. Habaici ke nan na asali, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Abin da Shakira ta yi ya tsallake habaici ya faɗa zambo, duk da an lulluɓe shi da mayafin wasa da kalmomi.

Taken nan na kuɗi kuma, ina da ra'ayi biyu a kansa, ban iya sasanta su ba har yau. Ɓangare ɗaya na zuciyata na tafa mata. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa ta shekara da shekaru tana faɗa wa mata a kan ƙwarya cewa su riƙe sana'a, kuma duk wanda ya ga yadda bazawara marar abin yi ke komawa gidan iyaye da ƙullin kaya da yara uku ya san ba wasa take yi ba. Ɗaya ɓangaren kuma na tambaya: matar da ba ta da waƙar da za ta sayar fa? Yawancin matan da suka rera taken a ɗakunansu ba su karɓi ko sisi ba, kuma sun yi kuka, kuma kukan ba gazawa ba ne. Mawaƙiyar da kanta ta yi nata, ta ma yi shi a waƙa har sau biyu kafin ta zo ta ce an daina. Akwai kuma ɗan abin dariya a ciki, domin mafi yawan masu sauraronta, daga Bogota har gidan kallon unguwarmu, 'yan Casio ne ba 'yan Rolex ba. Mu aka yi wa gori, muka tashi muna rawa.

Bashin harajin da ta ambata ma ba ƙawar waƙa ba ne. Masu gabatar da ƙara a Sifaniya sun zarge ta da ƙin biyan kusan Yuro miliyan 14.5 tsakanin 2012 da 2014, ita kuma ta daɗe tana cewa a shekarun ba a can take zaune ba. Kwana huɗu bayan ta karɓi kambu a Sevilla, ranar 20 ga Nuwamba, ta tsaya gaban kotu a birnin Basalona ta amince da sulhu: ɗaurin shekara 3 da ba za ta zauna ba, da tarar fiye da Yuro miliyan 7. Ta ce ta yi haka ne saboda 'ya'yanta. A lokacin ta riga ta kwashe su sun koma Miami.

A watan Maris na 2024 ta fitar da kundi, ta raɗa masa rabin wancan taken, ɓangaren daina kukan, ta bar ɓangaren kuɗin a waje. Kundin ya ci Grammy ranar 2 ga Fabrairun 2025. A wannan ranar ta cika shekara 48, a ranar kuma Piqué ya cika 38, domin ranar haihuwarsu ɗaya ce.