Gidajen Lavenham ma fa da laka aka yi su

Asabar ɗin da ta wuce muka kwashi yara muka je wani ɗan gari a yankin Suffolk nan Ingila, Lavenham sunansa, mutanen cikinsa ba su kai 2,000 ba. Tun da muka dawo abin ke cin raina shi yasa nace bari in rubuta.

Bangon wani gida ne ya fara tsayar da ni. Shafen ya ɗan ɓare, na leƙa sai ga laka da ciyawa an yaɓa a kan saƙaƙƙun itatuwa tsakanin ginshiƙan katako, wallahi ba ta fi ƙasar da maginanmu ke kwaɓawa ba, amma ga gida ya haura shekara 500 kuma da mutane a ciki har da labule a taga. Wasu gidajen duk sun karkace don da ɗanyen katako aka gina su, da ya bushe sai ya murɗe, a haka aka bar su.

Arzikin garin kuma saƙa da rini ne. Ulun tumaki suke saƙawa su rina shi shuɗi da wani ganye mai ba da shuni kamar baban da marinanmu ke rini da shi, har a 1524 garin ne na 14 a arziki duk Ingila, harajinsa ya fi na birnin York. Ina jin haka sai marinar Ƙofar Mata ta faɗo min a rai. Da kuɗin rinin suka gina ƙatuwar coci da zauren da ke bakin kasuwa wajen 1530. Daga baya kasuwar ta mutu, talauci ya hana su rushewa su yi sabo, yau gine-gine sama da 300 ne doka ta tsare, ko taga za ka canza sai da izinin hukuma.

To mu fa? Da an samu kuɗi abu na farko a buge soro a sa bulo da kwano. Ban ga laifin kowa ba, na kwana a ɗakin ƙasa da damina na san fargabar ruwan dare, kuma yaɓe duk shekara kuɗi ne. Amma ganuwar Kano da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, wajen shekara 900 kenan, ita wa ta tsare wa hanya da ake ɗibar ƙasarta ana gini a kanta? A ganina ba son tarihi suka fi mu ba, kowane yaro a Daura zai ba ka labarin rijiyar Kusugu tiryan-tiryan. Su dai dokarsu tana aiki, sannan tsohon ginin yana kawo abinci, mai shayi da mai masauki duk da baƙi suke ci.

Da la'asar muka bi tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da ta nufi Long Melford, jirgin ya daina bi tun shekarun 1960 aka mayar da ita ta masu tafiya a ƙasa. Can muka ratse wata 'yar hanya ta tsakiyar gonar alkama, da alamarta a jikin itace, kuma mai gona ba shi da ikon toshe ta. Burtali kenan fa. Namu an nome da yawa, kowa kuma ya san rigimar da hakan ke jawowa.

Da dare na kira Yaya, don tun bara ake maganar buge zauren kakanmu a yi shaguna. Nace Yaya don Allah a dakata, azarar nan lafiyarta ƙalau, a nemo magini ya duba, kuɗin yaɓen bana da makuba ni zan turo kafin ruwa ya sauka. Yace zai yi magana da su Baffa.