Injiniyoyin Abuja, zane kuke ajiyewa ko dalilinsa?

A ofisoshin injiniyoyi da yawa a garin nan, ilimin shekara ashirin yana cikin kan mutum ɗaya ne da filashi biyu. Ranar da ya bar aiki, sai a koma zana kwalbatin da aka riga aka zana sau goma. Abin da ya fi damuna shi ne a samo tsohon zanen, a sauya sunan unguwa, a buga hatimi, alhali ba wanda ya san a kan wace ƙasa aka lissafa shi.

Zane sakamako ne kawai. Yana nuna rodi mai milimita 16 da tazararsa, amma ba ya faɗin me ya sa. Fandishon da aka lissafa wa ƙasa mai ɗaukar kilonyutan 200 a kowace murabba'in mita, irin ta kan dutse a Mpape, idan aka kai shi ƙasar cike a bakin rafi a Lugbe, inda gwaji zai iya nuna ƙasa da rabin haka, ginin zai lotsa, bango ya tsage, alhali ba kuskure ko ɗaya a takardar.

Don haka rajista ake buƙata, ko da a Excel ne, layi ɗaya ga kowane zane: lambar aiki, unguwa, nau'in gini, yawan hawa, ƙarfin ƙasa da lambar rahoton gwajinta, ƙarfin kankare, ƙa'idar lissafin kankare da aka bi, BS 8110 ta Birtaniya ce ko Eurocode 2 ta Turai, sannan wanda ya duba. Da wannan ne ƙaramin injiniya zai nemi "kwalbati, faɗin mita 2, jar ƙasa" ya samu cikin minti biyu. A kuma tsayar da kalma ɗaya ga kowane abu, domin idan wannan ya rubuta wani suna, wancan ya rubuta wani daban, bincike ba zai haɗa su ba.

Sunan fayil ya ɗauki lambar aiki, fanni, lambar zane da lambar bita. ISO 19650 ta 2018, ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta tsara bayanan aikin gini, ta shimfiɗa tsarin, ba sai kun ƙirƙiro ba.

Wurin da ake yawan faɗuwa shi ne zanen abin da aka gina a zahiri. A wurin aiki an ci karo da dutse, an karkatar da bututu mita uku, kafinta da birkila sun sani, ofis bai sani ba. Bayan shekara biyar mai haƙa ya fasa shi. Kada a biya kuɗin ƙarshe sai an kawo wannan zanen, da layi biyu na dalilin sauyin.

Masu safiyo kuma, don Allah ku rubuta ma'aunin da kuka yi aiki da shi. Tsofaffin taswirori suna kan Minna Datum, na'urar GPS tana kan WGS84, bambancin kuwa gomman mitoci ne, ya isa ya jefa katanga cikin filin maƙwabci.

Kowane DWG, wato fayil ɗin zane na AutoCAD, a ajiye shi tare da PDF, saboda fayilolin da yake jingina da su kan ɓace. Tsofaffin takardu a yi musu sikanin, amma bayanan kusurwar zane a shigar da su rajista da hannu, don kwamfuta ba ta karanta rubutun hannu da kyau. Kwafi uku, ɗaya a wajen ofis.