Hamtramck a 2023: Labaran da ba sa iso mana ta WhatsApp

Duk bayan 'yan watanni sai wani ɗan'uwa ya turo mini saƙon nan a WhatsApp, da kabbara a samansa: ga wani gari a Amurka da Musulmi suka karɓe ragamarsa, daga magajin gari har kansiloli. Labarin gaskiya ne. Sunan garin Hamtramck, a jihar Michigan, kuma birnin Detroit ya kusan kewaye shi ta kowace fuska. Faɗinsa bai fi murabba'in mil 2 da ɗan ɗoriya ba, ƙidayar 2020 kuma ta ba shi mutum 28,433. A watan Nuwamban 2021 suka zaɓi Amer Ghalib, haifaffen ƙasar Yemen, ya zama magajin gari, sannan a Janairun 2022 aka wayi gari duk kansilolin shida Musulmi ne. Ni ma na yi murna. Amma da na bi labaran garin na shekara guda, wato 2023, sai na ga saƙon da ake turo mana ya tsaya ne daidai inda ainihin zancen ya soma.

Asalin garin na ma'aikata ne 'yan ƙasar Poland, mabiya ɗarikar Katolika, waɗanda masana'antar mota ta Dodge ta jawo tun farkon ƙarni na 20. Har Fafaroma John Paul na biyu ya kai musu ziyara a 1987. Da aka rufe masana'antar a 1980, jikokinsu suka riƙa ƙaura zuwa unguwannin bayan gari, gidaje suka yi araha, sai mutanen Yemen da Bangladesh da Bosniya suka shigo suka raya kangayen. Sau biyu, a 2000 da 2013, gwamnatin jiha tana karɓe ikon kuɗin garin saboda asusu ya bushe. Wannan shi ne gadon da sababbin shugabannin suka tarar: ƙaramin gari, talakawa da yawa, tsofaffin bututu, da lalitar da ba ta da nauyi.

Shekarar ta buɗe da maganar layya. Ranar 10 ga Janairu majalisar gari ta amince mutum ya yanka dabbar ibada a gidansa. Ta fuskar doka babu wani sabon abu a ciki, domin tun 1993 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa gari ba shi da ikon kafa dokar da ta nufi hana yankan ibada, a wata shari'a da ta taso daga Hialeah ta jihar Florida, kuma masu ƙarar ma ba Musulmi ba ne. Kafafen nesa suka ɗauki labarin a matsayin karon addini da addini. Wanda ya saurari abin da mazauna garin suka faɗa kuwa, zai ji cewa damuwar da yawa daga cikinsu ta kwata ce da ɓera da wari. Gidajen Hamtramck manne suke da juna, tsakanin wannan bango da wancan ɗan lungu ne, a baya kuma ga siririyar hanyar da ake ajiye kwandunan shara. Duk wanda ya taɓa feɗe rago a tsakar gida ya san tambayar da ke biyo bayan Bismillahi: ina za a zuba jini, ina za a kai kayan tumbi? A ganina maƙwabcin da ya yi wannan tambaya bai yi laifi ba, kuma ba ƙiyayya ce ta sa shi ba. Majalisar ta yi daidai da ta kare 'yancin ibada, amma rabin aikin ke nan. Sauran rabin shi ne motar shara ta zo a kan lokaci washegarin Sallah.

Da Babbar Sallar ta zo ranar 28 ga Yuni, abin da ya cika sararin Detroit da kewaye hayaƙi ne daga gobarar dajin Kanada, har hukumomi na gargaɗin tsofaffi da masu asma su zauna a ɗaki. Masallaci da coci duk iska ɗaya suka shaƙa a makon nan.

A cikin shekarar kuma an yi abubuwan da ba wanda ya turo mana, alhali su ne rayuwar garin. Ranar 21 ga Fabrairu, Talatar da ke gaban azumin Kiristoci, aka yi bikin paczki, wani soyayyen cincin na 'yan Poland mai kama da fanke, sai dai ya fi shi girma kuma ana cusa masa zaƙi a ciki. Tun kafin asuba mutane ke jan layi cikin sanyin da ke tsinka kunne a gaban gidajen burodi na titin Joseph Campau, kowa na jiran kwalinsa. Wata ɗaya bayan nan Ramadan ya kama, sai hada-hadar dare ta koma gidajen abincin 'yan Yemen da shagunan 'yan Bangladesh na titin Conant. Da bazara 'yan kallo suka cika filin Keyworth don ƙungiyar ƙwallon Detroit City, a farkon Satumba kuma aka yi bikin ranar ma'aikata, inda ake tseren kwale-kwale masu taya a kan kwalta, 'yan kallo na watsa wa matuƙan ruwa. Mutanen da suka ɗaga wa juna murya a zauren majalisa ranar Talata, su ne dai ke haɗuwa a waɗannan wurare.

Sai babbar rigimar shekarar. Ranar 13 ga Yuni majalisar ta zartar, baki ɗaya, cewa ba za a ƙara kafa tutar wata ƙungiya ta addini ko ƙabila ko siyasa ko jinsi a kan kadarar gari ba, in ban da tutar Amurka da ta jiha da ta gari da wasu ƙalilan. Kowa ya san tutar da ta jawo zancen, wato mai launin bakan gizo ta masu neman jinsi ɗaya. Magajin gari ya ce manufar ita ce gwamnati ta tsaya tsakiya. Karen Majewski, wadda ta yi shekara 16 tana magajin gari kafin Ghalib ya kayar da ita, ta ce abin ya yi musu kama da cin amana. A watan Yuli wasu mambobi biyu na wani kwamitin gari suka kafa tutar duk da haka, aka sauke su, magana ta kai kotu.

Na san yawancin masu karanta wannan shafi suna tare da majalisar, kuma ban zo neman kowa ya sauya aƙidarsa ba. Abin da nake so a riƙe shi ne dalilin da ya sa kalmar cin amana ta fito daga bakin wannan mata. A 2004, lokacin da masallacin Al-Islah ya nemi izinin kiran sallah da lasifika, garin ya yamutse, baƙi daga wasu jihohi suka zo zanga-zangar ƙin amincewa. Majalisar lokacin, wadda akasarinta ba Musulmi ba ne, ita ta tsaya ta ce in ƙararrawar coci za ta kaɗa, ladani ma zai ɗaga murya. Majewski tana cikinsu. Da aka kai maganar gaban jama'a, masu zaɓe suka tabbatar. Wato kiran sallar da muke alfahari ana yi a Hamtramck, maƙwabta ne suka taya aka same shi, lokacin da Musulmi ba su da rinjaye. Wanda aka yi wa wannan karamci, in mulki ya dawo hannunsa, yana da bashin saurare da tausasa harshe ko da ba zai sauya ƙuri'arsa ba. Rinjaye a irin wannan gari aro ne. Jiya na 'yan Poland ne, kuma su ma sun taɓa amfani da shi ta mummunar hanya: a 1971 alƙali Damon Keith ya samu garin da laifin rushe unguwannin baƙar fata da gangan da sunan gyaran gari, kuma gidajen diyyar da aka yi alkawari sun ɗauki kusan rabin ƙarni ana jan ƙafa a kansu.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yawan ƙarfin da tuta ta cinye, idan aka gwada da ruwan sha. A 2021 gwaji ya nuna gubar dalma ta haura ƙa'ida a famfunan wasu gidajen garin, har aka raba wa mutane matatar ruwa. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba ma buƙatar a yi mana bayanin haɗarinta. Tun bayan masifar gubar dalma a ruwan shan birnin Flint, jihar Michigan ta kafa doka a 2018 cewa a tono duk tsofaffin bututun dalma cikin kimanin shekara 20, kuma gari mai ƙaramin asusu irin wannan gida-gida yake binsu, gwargwadon tallafin da ya samu. Ga kuma ambaliyar da ke cika ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ruwan masai in sama ta yi nauyi, kamar yadda aka gani a Yunin 2021. Uwar da ke haɗa wa jaririnta madara da ruwan famfo, ko sunanta Fatima ko Maria, wannan ne labarin da ya fi shafarta.

Ƙarshen shekara ya zo da nauyi biyu. Yaƙin Gaza ya taɓa garin a zuciya, aka yi ta jerin gwano, majalisa ta yi kiran a tsagaita wuta. Sannan zaɓen kansiloli na Nuwamba ya bar zarge-zargen maguɗi a ƙuri'un da ake cikewa a gida a aika, maganar da ta kai ga gurfanar da wasu a 2025. Zargi dai ba hukunci ba ne. Amma wannan labarin ma na garin Musulmin ne, kuma in za mu yi kabbara a kan na farko, ba mu da hujjar kau da kai daga na biyu.

Duk wannan da na zayyana an san shi ne saboda akwai masu zama a zauren majalisa da alƙalami har dare ya raba. Tsohuwar jaridar garin, Citizen, ta rufe a 2009 bayan kusan shekara 75, sai Hamtramck Review mai fitowa mako-mako ta maye gurbinta. Garuruwa da yawa ba su yi wannan dace ba. Binciken Jami'ar Northwestern na 2023 ya ce Amurka ta rasa jaridu kusan 2,900 tun daga 2005, kuma gundumomi fiye da 200 ba su da kafar labarai ta gida ko ɗaya. A irin waɗannan wurare kansila na iya ƙara kuɗin ruwa ko ya ba surukinsa kwangila ba wanda ya ji. A Hamtramck ana ji, ana rubutawa, wanda abin ya dama kuma yana zuwa ranar Talata ya karɓi makirfo ya faɗi nasa a gaban magajin gari, wani da Turancin da bai gama nuna ba.

Shi ya sa yanzu in saƙon nan ya sake shigo mini da kabbararsa, nakan amsa da Alhamdulillahi, sannan in tambayi mai turowar ko ya ji gidaje nawa aka sauya wa bututu a bana.